Ba Kowane Tarin Jariri Ne Ke Jin Antibayotik Ba

Idan aka kwantar da jariri a asibitin yanki na Sokode, ko a asibitin yara na Yendube da ke Dapaong, yana tari, ƙirjinsa na fito, dangi kan ƙosa su ga an fara allura. In likita ya sa masa iskar oksijin kawai, sai a koma gida ana guna-gunin ba a yi wa yaro komai ba.

Alhali sau da yawa abin da ya dace ke nan. Yawancin irin wannan ciwo bairas ne ke kawo shi, musamman wanda ake kira RSV, wanda ke kumbura ƙananan hanyoyin iska na huhu ya cika su da majina. Binciken PERCH da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a ƙasashe bakwai har da Mali da Gambiya, ya gano cewa bairas ne sanadin kusan kashi 61 cikin ɗari na limoniya mai tsanani da ta kwantar da yara, RSV kaɗai kuwa kashi 31. Antibayotik, ko amoksisilin ne ko seftiriyazon, bakteriya yake kashewa. Bairas ko a jikinsa.

Abin da ke ceton jariri a nan shi ne oksijin, da share hanci, da nono a kai a kai, ta bututu in ya kasa tsotsa. Maganin da bai da amfani kuwa ba ya tafiya salin alin. Yana jawo zawo, yana cinye kuɗin gida, yana kuma koya wa bakteriya taurin kai. A 2019 wannan taurin kai ya kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Sai dai a yi wa likitocinmu adalci. Inda babu gwaji, raba bairas da bakteriya da ido abu ne mai wuya, wani lokaci ma tare suke zuwa. Jaririn da bai kai wata biyu ba yana zazzaɓi, ko wanda jikinsa ya yi tsanani, ana ba shi antibayotik ba jira. Hukuncin na wanda ya duba yaron ne, ba na mai tallar magani a kasuwa ba.

Uwa ta lura da numfashi. In ya kai 50 a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, ko ya ƙi nono, a nufi asibiti a ranar.