Gilashi Mai Launi a Dogayen Ofisoshin Tsakiyar Ƙarni na 20

Masu tsara gine-ginen zamani a Turai da Amurka sun yi watsi da sassaƙa da zanen da aka saba ƙawata bango da su, amma adon bai ɓace ba, domin ya koma cikin gilashin kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ginshiƙan ƙarfe ne ke ɗauke da nauyin dogayen benaye, don haka bangon waje ya zama sutura mara nauyi da ake ratayawa a jikin gini, wadda masana ke kira bangon labule.

Buƙata ce ta fara kawo launin. Gini da aka lulluɓe da gilashi yakan tara zafin rana, shi ya sa masana'antu suka riƙa zuba sinadarai a cikin narkakken gilashi, inda tsatsar ƙarfe ke ba shi launin kore, ta kuma sa ya tsotse wani kaso na zafin kafin ya shiga ɗaki. Ginin Lever House da aka kammala a birnin New York a 1952, wanda Gordon Bunshaft ya tsara wa kamfanin sabulu na Lever Brothers, ya sanya irin wannan gilashi mai launi tsakanin shuɗi da kore. Tagoginsa ba sa buɗuwa, na'urar sanyaya iska ce ke aiki a ciki, kuma daga rufi ake sauko da ma'aikata a cikin wani kwando domin wanke shi, abin da ya dace ƙwarai da kamfanin da ke sayar da tsabta. Tsakanin layukan tagogi an jera gilashi mai duhu wanda ido ba ya ratsawa, domin ya ɓoye daɓen kowane hawa, kuma wannan saɓanin haske da duhu shi ne ainihin kwalliyar ginin.

A 1958 Mies van der Rohe ya bi wata hanya a ginin Seagram da ke kusa, inda ya haɗa tagulla da gilashi mai ruwan zuma.

Wannan kyau yana da tsadar kulawa. Ruwa ya riƙa shiga ƙarafan da ke riƙe da gilashin Lever House, tsatsa ta kumbura su, gilasai da yawa suka tsage, kuma faci da aka yi ta yi ya ɓata daidaiton launin. Hukumar adana gine-ginen tarihi ta birnin ta ba ginin kariya a 1982, kuma a gyaran da aka kammala a 2001 aka sauya bangon gaba ɗaya da sabon gilashi mai launi irin na asali.