Likitan Haƙorin da Ya Bar Kujerar Asibiti

Galibin mutanenmu ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai kumatu ya kumbura, barci ya gagara, an tauna kanumfari an sha ƙwayar kemis duk a banza. Kafin mutum ya hau kujera haƙorin ya riga ya ruɓe har saiwa. Likita ya yi allurar kashe zafi, ya cire, ya danna auduga, ya ce a shigo da na gaba. Zai shekara goma yana wannan aiki, layin bakin ƙofa bai ragu ba. Irin wannan gajiya, da ciwon baya da wuya na yawan sunkuyo, su ke sa wasu likitocin ajiye kayan aiki su koma wayar da kan jama'a.

Dangi ba su cika fahimta ba. Shekara shida a jami'a, sannan a ce mutum yana yawon makarantun firamare da buroshi a jaka? Amma a rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma yawancinsu ana iya kare su tun kafin su faru. Ba ƙasar da ke da likitocin da za su bi wannan adadi baki-baki.

Ƙofofin aikin sanannu ne: ma'aikatun lafiya, hukumomin lafiya a matakin farko, kwalejojin da ke horar da jami'an lafiyar al'umma, ƙungiyoyin agaji, da cibiyoyi irin ta kula da lafiyar baki ta ƙasashen Afirka da ke Jos. Da yawa kan ƙara digiri na biyu a lafiyar al'umma, kuma mai wayo ba ya barin lasisinsa ya mutu.

Inda ake tuntuɓe shi ne zaton cewa wanda ya san haƙori ya iya koyar da shi. A asibiti majiyyaci ne ya kawo kansa, yana kwance, bakinsa a buɗe, ba ya musu. A zauren mai unguwa kuwa ba mai jin ciwo, kuma kowa yana da abin da kakarsa ta gaya masa. Masana sun daɗe da lura cewa lacca zalla tana ƙara wa mutum sani, amma ba ta cika sauya abin da yake yi da safe ba. Yaro zai haddace cewa alewa da lemon kwalba na lalata haƙori, ya fito tara ya sayi alewar.

Abin da ya yi aiki a Sikotland ya fi lacca sauƙi. A ƙarƙashin shirin Childsmile, yaran makarantun reno na goge baki kullum a aji, da man goge baki mai sinadarin fulorayid, malama na tsaye a kansu. A 2003 kashi 45 cikin ɗari na 'yan shekara biyar ne ba a ga ruɓewa a bakinsu ba. Zuwa 2018 sun haura kashi 70. Ba likita ne ke tsayawa a kan yaran nan kullum ba. Ya tsara shirin, ya horar da malamai, ya tabbatar man bai yanke ba. A ganina wannan shi ne ainihin sana'ar: koyar da wanda yaro ke gani kullum.

A wurinmu lamarin ya wuce ramin haƙori. Cutar noma, mai cin kumatu da leɓe, tana farawa ne da kumburin dasashi, yana jini, baki na wari, galibi a yaro ɗan shekara biyu zuwa shida da tamowa ko ƙyanda ta raunana. A wannan mataki, tsaftace baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa su tare ta. In aka bar ta, cikin 'yan makonni ta huda fuska, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda ba a yi wa magani ba suna rasuwa. Asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato yana aiki tun 1999, likitocin fiɗa na gyara fuskar waɗanda suka rayu, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Sai dai wanda ke fara ganin yaron ba likita ba ne. Uwa ce, sai ungozoma, wanzami, mai kemis, ko jami'in ƙaramin asibitin ƙauye. Likitan da ya koya wa waɗannan su ɗaga leɓen yaro su duba dasashi, su san ranar da za su ce a tafi asibiti yau ba gobe ba, ya kai inda wuƙar fiɗa ba ta kaiwa.

Haka batun fitar haƙori. Gudawa da zazzaɓi mai zafi duk akan ce "haƙori ne", a zauna a gida ko a sayo ruwan magani. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, gurɓataccen maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Nijeriya. Gyara wannan fahimta na bukatar wanda zai zauna da iyaye mata ranar awo ko rigakafi, ya yi magana ba tare da raina kowa ba. Shi ma asawaki ba abokin gaba ba ne. Malamin kirki yakan gina a kansa, ya nuna yadda ake bin gefen dasashi, sannan ya ƙara da man fulorayid kafin barci.

Mai shirin sauya layi ya san cewa kuɗin shiga kan ragu, musamman in ya saba da asibiti mai zaman kansa, ayyukan ƙungiyoyi kuma na kwantiragi ne, suna ƙarewa da ƙarewar tallafi. Hannu ma yakan yi sanyi in an daɗe ba a riƙe kayan aiki ba, shi ya sa wasu ke ware rana ɗaya a mako suna duba marasa lafiya. Zai koyi rubuta kasafi da rahoto, da jiran sa hannun shugaban makaranta, kuma yakan ɗauki shekaru kafin alƙaluman binciken bakin yara su nuna ko shirinsa ya yi tasiri.