Na'urar Sauti Mai Gasa Tsoka: A Yi Tambaya Kafin A Saya

Masu karatu, ciwon baya da na kafaɗa da na wuya ya hana mutane da yawa barci da neman abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba wata ƙaramar na'ura da ake manna wa jiki don rage wannan ciwo.

Na'urar tana aiki ne da sauti wanda kunnen mutum ba ya iya ji. Kunnenmu yakan tsaya a girgiza 20,000 cikin daƙiƙa ɗaya, ita kuwa takan kai miliyan 3. Wannan girgiza ce ke ratsa fata ta ɗumama tsokar da ke ciki, jini ya ƙara gudana a wurin.

Masu aikin gashi a asibiti sun daɗe suna amfani da babbar irinta, amma na minti 5 zuwa 10 kawai. Ƙaramar, wadda George Lewis ya fara ƙerawa a Jami'ar Cornell ta Amurka, batir take amfani da shi. Ƙarfinta kaɗan ne, don haka akan bar ta a jiki har awa 4 mutum yana ta harkarsa.

To, amma tana warkarwa? Nan ne muke so a natsu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a riƙa amfani da gashin sauti ga ciwon ƙugu mai daɗewa, domin shaidar amfaninsa ba ta da ƙarfi. Ta fi goyon bayan motsa jiki bisa tsari, da tausa, da koya wa majinyaci yadda zai kula da kansa.

Akwai kuma haɗari. Ba a ɗora ta a kan cikin mai juna biyu, ko ido, ko wurin da ke da ciwon daji, ko kusa da na'urar da ake dasawa don bugun zuciya.

Abin da ya fi damunmu shi ne a rufe ciwo ba a san tushensa ba. Ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya. Saboda haka, kafin iyali su haɗa kuɗin gumi su sayi na'ura, a fara kai mara lafiya wurin likita.