Yadda Ake Gina Ƙungiyar Besbol Lokacin Hutu: Misalin Dodgers

Yawancinmu mun saba da kasuwar 'yan ƙwallon ƙafa, inda za ka ji an ce ƙungiya kaza ta sayi ɗan wasa kaza a kan miliyoyin kuɗi. A wannan fitowa mun kawo muku bayani ne kan wata kasuwar daban, ta wasan besbol na Amurka. Mun zaɓi ƙungiya guda, Los Angeles Dodgers, domin mu ga abin da ta yi a hutun ƙarshen 2023, da kuma abin da ya biyo baya.

Mene ne besbol?

Besbol wasa ne na mutum tara-tara. Mutum ɗaya yana jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, shi ne mai jifa. Wani daga ɗaya ɓangaren yana tsaye da kulki yana ƙoƙarin buge ta, shi ne mai bugu. Idan ya buga, sai ya ruga ya zagaya tashoshin da ke filin. Duk wanda ya zagayo ya dawo inda ya fara, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan kuwa ya buga ƙwallon ta tsallake katangar filin, zai zagaya abinsa ba mai tare shi. Wannan bugun shi za mu riƙa kira bugun tsallake katanga.

Babbar gasar wannan wasa tana da ƙungiyoyi 30, guda 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga wajen ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Waɗanda suka fi ƙoƙari sai su shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale a watan Oktoba, har a kai ga na ƙarshe da ake kira World Series. Daga nan sai hutu, domin sanyi da dusar ƙanƙara sun shigo. 'Yan wasa suna hutawa har watan Fabrairu, amma shugabannin ƙungiyoyi a lokacin ne aikinsu yake yawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyoyi uku na samun ɗan wasa

Hanya ta farko ita ce ɗaukar wanda ya samu 'yancin kansa. A ƙa'idar gasar, sai ɗan wasa ya yi shekara 6 a babbar gasa, kuma kwantiraginsa ya ƙare, sannan zai iya zaɓar inda yake so. Da can ma babu wannan 'yancin. A 1975 ne wani mai sasanci ya yanke hukunci a kan 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, cewa ƙungiyoyinsu ba za su riƙe su har abada ba. Messersmith ɗan wasan Dodgers ne a lokacin.

Hanya ta biyu ita ce musaya. A nan besbol ya bambanta da ƙwallon ƙafa. A ƙwallon ƙafa kuɗi ake biya, kuma sai ɗan wasa ya amince ya sa hannu. A besbol galibi mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kuma kwantiraginsa yana bin sa zuwa sabuwar ƙungiyar. Yawancin 'yan wasa ba su da ikon cewa a'a. Mutum zai iya kwana ɗan wannan ƙungiya, ya wayi gari an buga masa waya cewa ya tattara iyalinsa ya koma wani gari mai nisa. Wanda zai iya ƙi shi ne wanda aka rubuta masa haka a kwantiraginsa, ko wanda ya yi shekara 10 a gasar, kuma biyar na ƙarshe a ƙungiya guda.

Hanya ta uku ita ce renon yara masu tasowa. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, hawa-hawa, kamar yadda muke tashi daga aji ɗaya zuwa aji biyu. Ta saman ƙananan ƙungiyoyin Dodgers tana birnin Oklahoma City. Yaro zai iya yin shekaru a waɗannan matakai kafin a kira shi sama, kuma da yawa ba sa kaiwa.

Me ya sa Dodgers ta shiga kasuwa da ƙarfi?

A 2023 Dodgers ta ci wasa 100 cikin 162. Amma da aka shiga Oktoba, ƙungiyar Arizona Diamondbacks ta doke ta sau uku a jere ta fitar da ita. Babbar matsalarta ita ce masu jifa: wasu suna jinya, waɗanda aka sa kuma aka yi ta buge musu ƙwallo tun daga farkon wasa. Saboda haka shugabannin ƙungiyar sun shiga hutu sun san inda ciwon yake.

Ohtani da kuɗin da ya ce a ajiye masa

Shohei Ohtani ɗan ƙasar Japan ne, kuma yana yin abin da kusan ba wanda yake yi: yana jifa kuma yana bugu, duka a matakin gwanaye. Ya yi shekara 6 a ƙungiyar Los Angeles Angels, daga 2018 zuwa 2023, bai taɓa shiga wasannin Oktoba ba. A Disambar 2023 ya koma Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara 10.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne tsarin biyan. Ohtani yana karɓar dala miliyan 2 kawai a shekara. Sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043 za a biya shi. Ga amfanin hakan ga ƙungiyar. A besbol ba a hana ƙungiya kashe kuɗi ba, amma idan albashin 'yan wasanta ya wuce wani mizani sai ta biya haraji. A 2024 mizanin dala miliyan 237 ne. Da yake kuɗin da za a biya nan da shekaru bai kai darajar kuɗin yau ba, sai aka riƙa lissafa wa Dodgers kusan miliyan 46 a shekara maimakon 70. Wannan ya ba ta sararin ɗauko wasu.

Sai dai akwai kasada. An yi wa Ohtani tiyata a gwiwar hannu a Satumbar 2023, kuma kowa ya san ba zai yi jifa a 2024 ba. Ke nan matsalar masu jifa tana nan.

Masu jifa biyu, hanya biyu

Na farko shi ne Yoshinobu Yamamoto, shi ma ɗan Japan, yana da shekara 25. Bai taɓa jefa ƙwallo ko sau ɗaya a gasar Amurka ba, amma sau uku a jere ya karɓi kyautar gwarzon mai jifa a ƙasarsu. Dodgers ta ba shi dala miliyan 325 na shekara 12, sannan ta biya tsohuwar ƙungiyarsa, Orix Buffaloes, sama da miliyan 50. Wannan ne ya yi kama da cinikin da muka sani a ƙwallon ƙafa.

Na biyu ta hanyar musaya ya zo. Ƙungiyar Tampa Bay Rays ba ta kashe kuɗi da yawa, ga shi kuma za ta biya mai jifanta Tyler Glasnow dala miliyan 25 a 2024, daga nan ya samu 'yancin tafiya. Sai ta ba da shi tare da Manuel Margot, ta karɓi matasa biyu, Ryan Pepiot da Jonny DeLuca, waɗanda albashinsu kaɗan ne kuma za su yi mata shekaru. Kowa ya samu abin da yake nema. Ita Dodgers ta rabu da yaran da ta rena da hannunta, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A Janairun 2024 kuma ta ɗauki mai bugu Teoscar Hernández na shekara ɗaya tak.

Yaron da ba shi da gurbi

Akwai wata musayar da ba ta yi ƙara ba, amma tana nuna yadda ake tunanin gobe. Michael Busch matashi ne da ya gama duk matakan ƙananan ƙungiyoyi da kyakkyawan sakamako. Matsalarsa ita ce gurbin da ya fi dacewa da shi, wato tasha ta farko, yana hannun Freddie Freeman, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan gasar. Gurbin mai bugu zalla kuma Ohtani ya zo ya cike. Da a bar shi yana zaman benci, sai Dodgers ta ba ƙungiyar Chicago Cubs shi da wani mai jifa, ta karɓi yara biyu, Jackson Ferris da Zyhir Hope, waɗanda ba su kai shekara 20 ba a lokacin. Busch ya samu wurin wasa, ya yi bugun tsallake katanga 21 a 2024. Dodgers kuma ta samu yaran da za ta jira.

Me ya biyo baya?

Ba komai ne ya tafi yadda aka tsara ba. Yamamoto ya ji ciwo a kafaɗa ya yi kusan wata uku ba ya wasa. Glasnow ya ji ciwo a gwiwar hannu a watan Agusta, bai buga wasannin Oktoba ba ko ɗaya, alhali dominsu aka ɗauko shi. Duk da haka ƙungiyar ta ci wasa 98, fiye da kowa a shekarar. Ohtani ya yi bugun tsallake katanga 54, ya kuma saci tasha 59, wato ya ruga zuwa tasha ta gaba tun kafin a buga ƙwallo. Shi ne mutum na farko a tarihin gasar da ya haɗa 50 da 50 a shekara guda. Hernández ya yi 33. A ƙarshe Dodgers ta doke New York Yankees da wasa 4 da 1 ta ɗauki kofi. A 2025 ta sake ɗauka a hannun Toronto Blue Jays, kuma Yamamoto ne aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshen.

Shin kuɗi ne ke sayen kofi?

Magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi suna cewa babu adalci, tunda su ba za su taɓa iya yin alkawarin sama da dala biliyan ɗaya ga mutum biyu ba. Suna da hujja. Amma ga wani misali: a 2023 ƙungiyar New York Mets ce ta fi kowa biyan albashi, sai ta ci wasa 75 aka cinye ta 87, ko Oktoba ba ta gani ba. A ganinmu kuɗi suna taimakawa ƙwarai, amma Dodgers ta haɗa da sanin inda take da rauni, da kuma yaran da ta rena waɗanda wasu ƙungiyoyi suke so. Ba don su ba, da ba ta da abin ba wa Tampa Bay.

Tambayarmu gare ku ita ce: daidai ne a yi musayar ɗan wasa ba tare da an tambaye shi ba? Ku rubuto ra'ayinku a takarda ku ba kowane ɗan kulob ɗinmu, za mu liƙa waɗanda suka fi hujja a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.