Kafin ka sayar da sa ka saya wa yaro injin zarto

Maganar yau ta shafi wanda ke shirin sayar da sa ɗaya ko biyu domin ya buɗe wa ɗansa shagon kafinta, da kuma ɗan kasuwar da ke ɗauko tsofaffin injuna daga Kwatano. Injin zarto iri biyu za ka fi cin karo da su, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko mai tebur. Faifan zarton yana leƙowa ta tsakiyar tebur, yana nan wurinsa, kai ne kake tura katako. Na biyu mai hannu: faifan yana rataye a sama jikin wani ƙarfe, katako na kwance, kai kake jawo zarton ya bi ta kansa. Wani Ba'amurke, Raymond DeWalt, ya ƙirƙiro shi a 1922.

To wanne za ka ɗauka? Dubi aikin da yaron zai riƙa samu: ƙofa, taga, benci, gado, teburin mai shayi. Duk waɗannan sai an tsaga falanki bisa tsawonsa, kuma nan ne mai tebur ya yi zarra. Mai hannu gwanin datsawa ne, wato yanka dogon katako a gicciye, irin na rufin kwano. Ana iya juya kansa a yi tsaga da shi, amma gaskiya ba na ba ka shawarar haka, don a nan ya fi cin yatsu. Ga shi kuma saitinsa na yawan gocewa, balle wanda ya sha jijjiga a bayan mota daga bakin teku har Maraɗi ko Ƙonni. In kuɗin na inji ɗaya ne, ɗauki mai tebur.

Sai dai shi ma yana harbi, kamar saniyar da ba ta son tatsa. In katako ya matse faifai, sai ya wurgo shi baya da ƙarfi. Kada yaro ya tsaya daidai bayan faifan, ya riƙa tura ƙarshen katako da sanda, kuma ban da babbar riga mai reto. Injin da aka cire wa murfin faifai da ɗan ƙarfen nan na bayansa mai hana katako matsewa, bar shi ko da araha.

Kafin ka biya, karanta ƙaramin allon jikin motar injin. Wutarmu, ta Nijar da ta Najeriya, 220 zuwa 230 ce. Yawancin ƙananan injunan Amurka kuwa 120 suke sha, ka jona kai tsaye su ƙone. Wasu manyan na Turai kuma wuta mai layi uku suke so, wadda ƙaramin janareta ba ya bayarwa. Auna ramin tsakiyar faifan ma: na Amurka mai inci 10 raminsa bai cika milimita 16 ba, na Turai galibi 30 ne. Tambayi masu kayan kafinta a kasuwarku wanne suke da shi, tun kuɗin na aljihunka.