Rubutun Sunayen Garuruwa da Binciken Rumbun Bayanai: Misali daga Wurno, Raba da Goronyo

Manufar wannan takarda ita ce a jawo hankalin masu kula da na'ura mai ƙwaƙwalwa ga wata matsala wadda tushenta ƙa'idojin rubutun Hausa ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya bunƙasa a wannan yanki, ga kuma fadamar Wurno da ta shahara da shinkafa da albasa. Duk wanda aka ɗora wa tsaron rajistar manoman nan zai tarar gari ɗaya yana da rubutu biyu ko uku: Rabah da Raba, Achida da Acida, Goronyo da Gwaranyo. Na'ura kuwa ba ta san gari ɗaya ne ba. In aka ce ta ƙidayo manoman Acida, sai ta zubar da na Achida ba tare da ta ce uffan ba, alhali da wannan lissafi ake rabon taki da iri.

Saboda haka, kafin a yi ƙidaya, wajibi ne a fara ganin abin da ke cikin rumbun:

SELECT gari, COUNT(*) FROM manoma GROUP BY gari;

In kuwa bayanan suna cikin fayil ne, kuma sunan gari na gurbi na uku, wannan umarni ya wadatar:

cut -d, -f3 manoma.csv | sort | uniq -c

Nan take kowane rubutu zai fito da adadinsa.

Inda abin ya fi wuya shi ne baƙaƙe masu ƙugiya da alamar ɗauri. Alal misali, 'Yar Tsakuwa ta ƙasar Raba. A harshen SQL, alamar da ke farkon sunan ita ce ke buɗe zance da rufe shi, don haka sai an ninka ta, wato a rubuta '''Yar Tsakuwa'. Bugu da ƙari, wani magatakarda zai buga miƙaƙƙiyar alama, wani lanƙwasasshiya, wanda ya yi karatu a Nijar kuma ya rubuta ƴ. Haka nan SQLite, in ba an ƙara masa wani tanadi ba, bai san Ƙ da ƙ harafi ɗaya ne ba: upper('ƙaura') zai ba da ƙAURA. Shi ma grep -i ba ya daidaita su sai an ɗora na'urar a kan tsarin UTF-8.

A ganina, kuskure ne a bi rajista da UPDATE ana goge rubutun asali, domin shi ne ya dace da takardar da ke hannun manomi. Gara a buɗe wani jadawali dabam mai gurbi biyu, rubutun da aka samu da daidaitaccensa, a riƙa haɗa su da JOIN. In gyaran ya zama tilas, a kwafi rumbun tukuna, a fara da BEGIN, a duba adadin layukan da suka canza, sannan a ce COMMIT ko ROLLBACK.