Goyon Yara a Keke: Gudu Nawa Ya Dace?

 Kullum da safe kina shirya 'yarki, maigida ko yayanta ya ɗora ta a bayan keke zuwa makaranta. Shin kin san irin gudun da ake yi da ita?

Mai tafiya a ƙasa yakan ci kilomita 5 a awa. Mai keke kuwa, ko bai matsa ba, yakan yi 15 zuwa 20. A Turai, inda ake jan yara cikin ɗan amalanke mai bel a bayan keke, masu ƙera shi na gargaɗin kada a wuce 25. To ina ga namu da ke zaune kan kariya, ba bel, ba matakin ƙafa? Nauyin goyo yana hana keke tsayawa da wuri, yashin lungunanmu na Dutse kuma yana kwashe taya.

Uwargida, daga cikin gida kina da abin yi. Ki tattare mata hijabi, ki sa mata takalmi mai rufi, ki ja kunnenta kada ƙafa ta kusanci taya. Sannan ki sallame su da wuri, domin latti ke kawo gudu.

Allah Ya raya mana zuri'a.